Finafinan dodanni masu ban dariya: wanne za ka fara saya?

Idan kuɗin faifai ɗaya gare ka, kada ka yi dogon tunani, ɗauki "Abbott and Costello Meet Frankenstein" na 1948. Kamfanin Universal ne ya kwaso dodanninsa na ainihi ya haɗa su da 'yan barkwanci biyu, Bud Abbott siriri mai faɗa da Lou Costello gajere matsoraci. Abin da ya ba fim ɗin armashi shi ne dodannin ba sa wasa ko kaɗan. Bela Lugosi ya sake fitowa a Dracula, dodo mai shan jinin mutane, Lon Chaney Jr. shi ne mai rikiɗa ya koma kyarkeci idan wata ya cika, Glenn Strange kuma dodon Frankenstein. Su da gaske suke, Costello ne ke ta makyarkyata.

Akwai inda yake zaune gefen akwatin gawar Dracula yana karatu, kyandir ɗin da ke kan murfin yana matsawa sannu a hankali. Ya buɗe baki zai kira abokinsa, murya ta maƙale, sai huci. Wannan ba sai ka iya Turanci ba, yara da tsofaffi kowa zai dara.

Na biyu shi ne "Young Frankenstein" na 1974, wanda Mel Brooks ya ba da umarni, Gene Wilder ya ja ragama. Ya fi wancan kyan aiki. Da gangan aka ɗauke shi baƙi da fari, har na'urorin ɗakin gwaji na fim ɗin Frankenstein na 1931 aka nemo aka sake amfani da su. Ina matuƙar son ƙusumbin da ɗan wasa Marty Feldman ya fito da shi, mai sauya kafaɗa, da makahon nan da ya kwarara wa dodo miya mai zafi a cinya. Sai dai rabin dariyarsa wasa da kalmomi ne, kuma akwai zancen manya a ciki, don haka ba na kallo da yara ko surukai ba ne.

"Abbott and Costello Meet the Mummy" na 1955 bai kai na 1948 ba. Ka bar shi, sai dai in ya zo cikin ƙunshi mai araha.

Kafin ka biya, duba bayan kwalin DVD ɗin. Faifan Amurka lambar yankinsu 1 ce, Najeriya da Nijar kuwa suna yanki na 5, kuma ba kowace na'ura ke karanta duka ba.