Daga Birmingham: Yaya, Ka Riƙe Kuɗin Na'urar Nan

Assalamu alaikum Yaya, da fatan iyali suna lafiya. Na ga saƙonka na cewa in sayo maka na'urar nuna hanya irin wadda ake maƙalawa a gilashin mota, TomTom ko Garmin, saboda zirga-zirgarka tsakanin Kano da Maraɗi. Shawarata ka bar kuɗinka a aljihu.

Ko a nan kasuwarta ta ja baya. Direbobin manyan motoci ne suka fi riƙe ta, don akwai samfurin da ke kauce wa gadar da tirela ba za ta wuce ƙarƙashinta ba. Mu masu kai kaya gida-gida waya ce abin aikinmu: Google Maps, ko Waze in ana gudun cunkoso. Kuma yawancin na shagunan nan taswirar Turai ce a cikinsu.

Taurarin ɗan'adam da ke yi mini jagora a nan su ne dai ke ratsawa ta saman Fagge. GPS na Amurka kyauta ne, kuma tun watan Mayun 2000 da Shugaba Clinton ya sa aka daina dagula siginar farar hula, kowa na samun ta da kyau. Turai ta kunna nata, Galileo, a 2016. Sin na da BeiDou, Rasha na da GLONASS. Wayar da ke hannunka ta isa.

Inda mutanen Birtaniya suka fi mu a ƙasa yake. Kowane layi da sunansa, kowane gida da lambarsa, sannan ga lambar gidan waya wadda gidaje kusan 15 kawai ke tarayya a kanta. Ka buga ta, ka ƙara lambar gida, sai ga ka a ƙofa. Hukumar taswirarsu, Ordnance Survey, tun 1791 take auna ƙasar nan. Yanzu har da jirgin sama suke bi, suna harba hasken leza ƙasa don sanin tudu da kwari, shi ya sa kafin mutum ya kama haya zai iya duba shafin gwamnati ya ga ko ruwa na cin unguwar. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai, musamman in na tuna ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024.

Ba wai lambar gidan wayar ba ta ɓatar da mutum ba ne. A ƙauyukansu lamba ɗaya kan haɗa gonaki masu nisa, sai wayar ta ce ka iso alhali tumaki ne kawai a gabanka. A irin wannan wurin, kwatancenmu na "bayan masallacin Juma'a, daura da mai shayi" ya fi ta amfani, kuma ɗan adaidaita sahu ya fi ta sanin lungu.

Gana ta gwada nata adireshin na waya, GhanaPostGPS, tun 2017. Mu kafin namu ya kankama, ka sauke taswirar Kano, Katsina da Maraɗi a Google Maps tun kana gida, za ta yi aiki ko babu data. Ka kuma saka shagonka a kai, ba a biyan ko kwabo. Mariƙin waya da cajar mota zan ba mai zuwa ya kawo maka. A gaida Hajiya da yara.