Wata shida da raket ɗin Serena, Wilson Blade SW104

Ƙanwata ce ta jawo na sayi wannan raket, ko da yake ita ba ta sani ba. Shekara uku ke nan muna buga tanis tare, yamma uku a mako, kuma ni na koya mata yadda ake riƙe raket tun farko. A shekarar farko ina cinye ta ina hamma. A ta biyu muka fara raba wasa. Zuwa ta uku sai ya zama idan na ci zagaye ɗaya a mako, har cikin mota nake ba da labarinsa. Kullum muka tashi sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Yaya, yau kin yi ƙoƙari fa." Duk wadda ke da ƙanwa ta san zafin wannan magana.

Sai na ɗora wa tsohon raket ɗina laifi, don shi ba shi da bakin kare kansa. Na ce tunda ƙarfin bugu ne ya gaza mini, bari in nemi makamin macen da na fi ganin ƙarfin bugu a hannunta. Haka na kai ga Wilson Blade SW104. Haruffa biyun nan, S da W, na sunan Serena Williams ne, wadda ta yi dukan rayuwarta ta wasa da raket ɗin kamfanin Wilson, kuma wannan samfurin an fitar da shi ne bisa irin wanda ta riƙe a shekarunta na baya-baya. Kuɗinsa ba na wasa ba ne. Na runtse ido na biya.

Abin da ya raba shi da sauran shi ne tsawo. Raket ɗin manya da aka saba gani inci 27 ne, wannan kuwa 28, doka kuma ta tsaya a 29. Fuskarsa inci 104 ce a murabba'i, ta fi ta yawancin ƙwararru faɗi, don su sun fi zama tsakanin 97 da 100. Igiyoyinsa 18 a tsaye, 19 a kwance, wato saƙar a matse take. Nauyinsa giram 306 kafin a sa igiya. Da na ga wannan adadi sai na ce ai da sauƙi, giram kaɗan ya ɗara nawa. A nan na yi kuskuren farko. Nauyin da ma'auni ke nunawa daban, nauyin da kafaɗa ke ji idan an wulwula abu daban. Wanda ya taɓa ɗaga guduma ta ƙarshen ƙotarta, sannan ya matso da hannu kusa da kai ya sake ɗagawa, ya san abin da nake nufi. Incin nan ɗaya da aka ƙara yana tura nauyin nesa da hannu, shi ya sa raket ɗin yake zama lafiya lau idan an riƙe shi tsaye, amma da an fara juya shi sai a ji kamar an ɗaura masa dutse a ka.

Bari in fara da inda ya biya ni, wato sabis, bugun da ake fara wasa da shi. Ranar farko da na ɗaga shi sama na sauke, ƙarar da ƙwallon ta yi ta sa mutanen filin da ke kusa da mu suka waiwayo. Ni ba doguwa ba ce, ban kai Serena ba, ita da take mita 1.75. Ga gajeriya irina, raga katanga ce: tsakiyarta santimita 91 da ɗoriya, kuma dole ƙwallon ta haye ta sannan ta sauko cikin ɗan akwatin da ke bayanta. Duk ɗan ƙarin tsawon da aka samu a inda raket ke haɗuwa da ƙwallo yana buɗe ƙofar. Sabis ɗina na farko, wanda da yake yawan mutuwa a bakin raga, ya fara wucewa. Kuma idan ya wuce yana da nauyi, ba ya tsayawa ya jira a buge shi. A makon farko sau biyu na buga sabis ƙanwata ba ta ko taɓa ƙwallon ba. A shekara uku ban taɓa yin haka ba.

Daren nan na koma gida ina ji da kaina, na zauna ina sake kallon gasar Wimbledon ta 2012. A wannan gasa kaɗai Serena ta buga irin wannan sabis da ba a taɓawa har 102, guda 24 daga ciki a wasan kusa da na ƙarshe da Victoria Azarenka. A wasan ƙarshe da Agnieszka Radwanska akwai inda ta jera huɗu a jere ta tafi ta zauna, ita kuwa Radwanska sai tafiya take daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar mai duba gona. Da na nutsu ina kallo sai na ga abin da ke kashe abokan karawarta bai tsaya ga gudu ba. Wuri ɗaya take jefa ƙwallon sama, ko tsakiya za ta buga ko gefe, saboda haka wadda ke jira ba ta da abin karantawa sai ƙwallon ta riga ta taso. Wannan ba ya cikin kwalin da aka kawo mini. Ni idan zan buga gefe, tun daga yadda na jefa ƙwallon kowa a filin ya sani, har mai share layi.

Daga layin baya ma yana da daɗi, muddin na shirya da wuri. Idan ƙwallon ta zo mini a hankali, na samu na kai raket baya na dasa ƙafa, to tana komawa can cikin filin ƙanwata ba tare da na yi wani yunƙuri ba. Faɗin fuskar yana yafe bugun da bai sami tsakiya ba, matsattsiyar saƙar kuma tana hana ƙwallon tashi sama barkatai. Bugun bayan hannu da hannu biyu shi ya fi amfana, don akwai wurin riƙo wadatacce kuma hannu na biyu yana taya ɗaukar nauyin.

Mako biyu aka yi ina cin wannan kasuwa. Daga nan ƙanwata ta gano ni. Ta daina neman kusurwa, ta koma auna cikina. Dogon raket ba ya son ƙwallon da ta zo jikin mutum, sai ka rasa inda za ka sa gwiwar hannu, kan raket ɗin yana can nesa ƙwallon tana nan a ƙirjinka. Haka a gaban raga, inda ake tare ƙwallo kafin ta taɓa ƙasa: kafin in juyo da shi an wuce ni. Mayar da sabis mai gudu ya zama abin kunya, kullum a makare nake, ƙwallon tana ficewa ta dama kamar da gangan. Bayan minti hamsin kuwa kafaɗata takan fara roƙon a tashi. Na ƙara wa kaina wahala da igiya. Wanda ya ɗaura mini ta farko ya sa mai tauri zalla kuma ya ja ta ƙwarai, wai ai haka manya ke yi. Kwana goma gwiwar hannuna tana zogi. Da na sa aka canza zuwa mai laushi aka kuma sassauta, zogin ya tafi. Duk mai niyyar sayen wannan raket ya kula da wannan tun ranar farko, kada ya bari a yi masa gwaninta.

A nan ne na fara yi wa Serena wani irin kallo da ban yi mata ba a da. Na san lissafin kamar kowa: manyan kofuna 23 a wasan ɗai-ɗai, bakwai a Ostareliya, uku a Faransa, bakwai a Wimbledon, shida a Amurka, na farkonsu a 1999 tana da shekara 17 lokacin da ta doke Martina Hingis. Mako 319 tana ta ɗaya a duniya. Amma adadi ba ya nauyi a hannu. Sai da na yi wata guda ina kokawa da inci 28 na gane me ake nufi da a ce mutum yana tsaye a kan layin baya, ba ya ja da baya, yana dukan ƙwallo tun tana tasowa daga ƙasa, da sanda irin wannan. Abin da ke sa ta isa a kan lokaci shi ne ta gama juya kafaɗa tun ƙwallon ba ta haye raga ba, kuma tana bugawa ƙirjinta na fuskantar raga ta kowane ɓangare, ba sai ta tsaya gyara ƙafa ba. An dasa mata wannan tun tana ƙanƙanuwa a filayen gwamnati na Compton, a Kalifoniya, inda mahaifinsu Richard yake kai su ita da yayarta Venus. Ni kuwa na fara tanis na haura talatin. Kama da wane ba ta wane, in ji masu magana.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙarshen tafiyar. A Janairun 2017 ta ci gasar Ostareliya tana da ƙaramin ciki, kofi na 23, wanda ya sa ta wuce Steffi Graf mai 22. Ta haihu a Satumba, ta sha fama da gudan jini a huhu, cutar da ta taɓa kwantar da ita a 2011. Duk da haka ta dawo ta kai wasan ƙarshe sau huɗu, Wimbledon da gasar Amurka a 2018, ta maimaita a 2019. Ba ta ci ko ɗaya ba, kofi na 24 da zai daidaita ta da Margaret Court bai zo ba, kuma na ji masu cewa da ta haƙura tun da wuri. Ban yarda da su ba, yanzu ma na fi ƙin yarda. Wasan da ta yi bankwana da shi, ranar 2 ga Satumba 2022 da Ajla Tomljanovic, ya haura awa uku, tana da shekara 40, kuma sau biyar ana kai ta bakin faɗuwa tana ƙi. Ni da minti hamsin ɗina ba ni da bakin ba ta shawarar lokacin tashi.

Wani abu da ya kamata mai saye ya sani: ƙwararru kan sa a gyara musu raket, a ƙara nauyi nan a rage can, a sassaƙa mariƙi daidai tafin hannunsu. Don haka kada wani ya ɗauka abin da ke kanti shi ne sak abin da ke jakarta. Daga baya ma an fitar da SW102, mai fuska ƙarama kaɗan, tsawon dai yana nan 28.

Zan ce a saya? Idan mutum yana da ƙarfin kafaɗa, yana buga bayan hannu da hannu biyu, wasansa na layin baya ne kuma sabis ne jarinsa, to raket ne na gaske, an ƙera shi da kyau, wata shida ban ga inda ya lalace ba. Mai koyo, da yarinyar da ba ta gama girma ba, da mai son wasan bibbiyu a gaban raga, su nemi inci 27 su huta. A ara a buga awa guda cur kafin a biya, don minti goman farko yaudara ce, duk daɗin a nan yake.

Na manta da wani abu guda lokacin da nake zaɓe, kuma da na tuna da shi da wataƙila kuɗina na nan. Serena ƙanwa ce. Wadda ta doke a wasan ƙarshe na 2017 ɗin nan, 6-4 da 6-4, Venus ce. Tsakanin 2002 da 2003 ma sau huɗu a jere suna haɗuwa a wasan ƙarshe na manyan gasa, ƙaramar tana cinyewa. Ashe ni a wannan labari Venus ce, sai dai ba ni da Wimbledon biyar da zan rarrashi kaina da su.

Wata biyu da suka wuce igiyar raket ɗin ƙanwata ta tsinke muna tsakiyar wasa. Na miƙa mata Blade ɗin, na ɗauko tsohona daga jaka. Ta fi ni tsawo, ta fi ni kafaɗa, ta kuma fi ni shekarun da suka rage. Ta wulwula shi sau biyu a iska, ta jefa ƙwallo sama, ban ga wucewarta ba sai ƙararta na ji a jikin wayar shingen da ke bayana. Aka tashi 6-1. Tana zuge jakarta da raket ɗina a ciki ta ce, "Yaya, ki bar mini shi zuwa Asabar." Ba ta faɗi wace Asabar ba, ni ma ban tambaya ba.