Siril, manhajar kyauta da ke tace hotunan taurari: abin da na gani bayan na gwada ta da Andromeda

Duk wanda ya taɓa kafa kyamara da dare ya auna ta wajen Andromeda ya san irin sanyin gwiwar da ke biyo baya, domin abin da ke fitowa a hoto guda bai wuce wani ɗan tabo fari-fari a tsakiyar baƙin fili ba, kusan daidai da yadda masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya siffanta shi a shekarar 964, lokacin da ya kira shi ɗan gajimare. Wannan tabo kuwa galaksi ne, wato dandazon taurari mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5, kuma faɗinsa a sama ya kai kusan ninki shida na cikakken wata. Abin da ke raba wannan tabo da hotunan da ake gani a mujallu, masu hannuwa a murɗe da zanen ƙura, shi ne aikin da ake yi a kwamfuta bayan an gama ɗauka, kuma manhajar da na zauna da ita a kan wannan aiki ita ce Siril.

Wani Bafaranshe mai suna François Meyer ne ya fara rubuta ta a 2005, da nufin samar wa masu Linux kwatankwacin IRIS, manhajar tace hotunan taurari ta Christian Buil, daga baya wasu 'yan sa-kai suka karɓi aikin, ciki har da Vincent Hourdin da Cyril Richard. A yau tana aiki a kan Windows da macOS da Linux, ba a biyan ko kwabo, ba a kuma neman rajista. Babu Hausa a cikin harsunanta, amma 'yan'uwanmu na Nijar suna da sa'a, tunda Faransanci harshen gida ne a wajen masu ita.

Aikinta na farko shi ne tara hotuna da yawa na wuri ɗaya su zama hoto guda. Dalilin haka shi ne kowane hoto yana zuwa da hasken gaske haɗe da ɗige-ɗigen da zafi da wutar cikin kyamara ke haifarwa, waɗanda zan riƙa kira dusa. Hasken gaske yana nan a wuri ɗaya a kowane hoto, dusa kuwa tana sauya wuri, saboda haka idan aka ɗora hotuna 100 a kan juna aka fitar da matsakaicinsu, tsabtar hoton takan ninka sau 10, idan kuma ana son ta ninka sau 20 sai an kawo hotuna 400. Ni na kai mata hotuna 100, kowanne na daƙiƙa 60, waɗanda na ɗauka da kyamara mai fiksel miliyan 24 da gilashin milimita 135, a kan ƙaramar na'ura mai bin juyawar sama.

A wannan mataki ne Siril ta fi burge ni. Tana zuwa da rubutaccen jerin umarni mai suna OSC_Preprocessing, wanda abin da yake nema kawai shi ne a buɗe folda huɗu masu suna lights da darks da flats da biases. Ta farko ta hotunan sama ce. Ta biyu ta hotunan da aka ɗauka da murfi a rufe, masu tsawon lokaci da zafi irin na hotunan saman, kuma a ƙasa mai zafi kamar tamu ba a wasa da su, domin dusar da zafi ke jawowa takan ninka duk lokacin da zafin kyamara ya ƙaru da kimanin digiri 6 ko 7. Ta uku ta hotunan farin fili ce, masu gyara duhun kusurwoyi da inuwar ƙurar da ta kwanta a cikin kyamara, ta huɗu kuma ta hotunan ƙiftawar ido da murfi a rufe. Da an danna, manhajar takan cire abin cirewa, ta gano taurarin kowane hoto ta daidaita su a kan juna, ta watsar da duk ɗigon da ya saɓa wa sauran, wanda ta haka ne layukan jiragen sama da na tauraron ɗan'adam ke ɓacewa, sannan ta miƙo hoto ɗaya. A karon farko na sami wasu zobba a hotona, kuma laifin nawa ne, domin na taɓa saitin gilashi kafin in ɗauki hotunan farin filin. Da na sake su yadda ya kamata zobban suka tafi.

Sai dai kyautar tana da farashinta a ma'ajiyar kwamfuta, kuma ya kamata mai shirin gwadawa ya yi lissafi tun da wuri. Hoton fiksel miliyan 24 da aka warware zuwa launi uku, kowane launi a bit 32, yana cin kusan megabayit 288, manhajar kuma takan ajiye shi sau biyu, bayan tacewa da bayan daidaitawa, saboda haka hotuna 100 suna neman fili kusan gigabayit 60 kafin a gama. Ana iya share su daga baya, amma kafin nan sai an tanadi wurin, an kuma tabbatar batirin kwamfuta a cike yake idan unguwar ba ta da tabbacin wuta.

Hoton da ke fitowa daga tarin kusan baƙi ne ƙirin, kuma nan ne sabon shiga kan zaci aikin ya lalace, alhali hasken yana ciki, a danne a can ƙasa. Kafin a ɗago shi akwai gyara biyu da Siril ta iya ƙwarai. Na farko shi ne cire hasken gari da ya rina gefe ɗaya na sama, inda ake ɗiga alamomi a wuraren da babu komai, manhajar ta auna su ta zare rinin. Abin kiyayewa shi ne kada alama ta hau gefen galaksin, domin Andromeda ta fi yadda ido ke zato faɗi, kuma wanda ya yi sakaci zai yanke mata hannuwa da kansa. Na biyu shi ne gyaran launi, kuma shi ne abin da na fi ƙauna a manhajar gaba ɗaya. Takan gane wane yanki na sama ne a hoton, ta kwatanta taurarinsa da kundin da masana suka auna, ta gyara launin bisa awo maimakon bisa son ran mai gyara. Sigar 1.4 tana amfani da bayanan Gaia, na'urar da hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta harba a 2013, wadda kundinta na 2022 ya ƙunshi taurari kimanin biliyan 1.8. Bayan wannan gyara tsakiyar Andromeda ta koma ruwan ɗorawa, launin tsofaffin taurari, gefenta ya ɗauki shuɗi-shuɗin sababbi, ƙananan galaksi biyu da ke maƙwabtaka da ita, M32 da M110, suka fito sarai.

Ɗago hasken kuwa aikin hannu ne, kuma nan ne yabona ya fara raguwa. Kayan aikin suna da ƙarfi, musamman wanda ake kira GHS, mai ba da damar haskaka hannuwan galaksi ba tare da an ƙone tsakiyarta ba, amma sunayen maɓallansa na masu lissafi ne, kuma babu abin da ke kama hannun baƙo ya nuna masa wanda zai fara taɓawa. Raba taurari da galaksi, domin a gyara kowanne daban, yana buƙatar a sauko da wata manhajar mai suna StarNet a haɗa ta da hannu. Idan aka zo ƙarshen kwalliya, inda ake son a taɓa wani sashe a bar wani, Siril ba ta kai manhajojin gyaran hoto na yau da kullum ba, shi ya sa da yawa daga masu amfani da ita suke ƙarasa aikin a manhajar gyaran hoto ta GIMP, ni ma haka na yi.

A cikin manhajojin da ke irin aikin Siril, PixInsight ta kamfanin Pleiades Astrophoto na ƙasar Sifen ta fi ta yawan kayan aiki, kuma mafi yawan ƙwararru a can suke, amma kuɗinta ya kai ɗaruruwan Yuro, wanda idan aka mayar da shi Naira ko Sefa zai iya sayen na'urar bin taurari, kuma a ganina mai farawa ya fi buƙatar na'urar. DeepSkyStacker kyauta ce kuma ta fi sauƙin shiga, sai dai aikinta tarawa ne, sauran gyaran sai an nemi wani wurin.

Akwai abu ɗaya da babu manhajar da za ta gyara, kuma ya shafe mu kai tsaye. Daga Kano, Andromeda takan hau sama har kusan digiri 61 a daren Oktoba zuwa Disamba, tsayin da ya wadatar, amma wannan lokacin ne hazon hunturu ke shigowa. Na gwada tara hotunan daren hazo, Siril ta yi iya yinta, taurari suka fito da kumburi, hannuwan galaksin suka narke a cikin toka-toka. Hotuna 100 da na ambata na ɗauke su ne a ƙarshen Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, sama a wanke, a daren da babu wata, kuma irin wannan makon nake jira in juya kyamarar wajen Kaza da 'ya'yanta, in ga ko manhajar za ta fito da shuɗiyar ƙurar da ke kewaye da su.