Lambu ko rumfar katako? Amsa ga 'yar'uwa mai fili ɗaya a bayan ɗaki

'Yar'uwa, tun jiya na ga tambayarki, ban so in amsa a gurguje ba. Kin ce maigidanki zai ajiye aikin koyarwa ƙarshen shekarar nan, kuma kuna da ɗan fili a bayan ɗaki, taku bakwai a tsaye, biyar a kwance. Shi yana son kafa rumfa ya koma aikin katakon da ya koya yana saurayi, ke kuma lambu kike so, ga saƙar faifai da kika saba. Kin kuma ce rijiyarku tana ja baya da bazara. Ni da maigidana Malam mun daɗe muna yin duka biyun a gida, don haka bari in jera miki su yadda na gan su da idona.

Da ruwa zan fara, domin a nan lambun gida yake rayuwa ko ya mutu. Da rani, kowace murabba'in mita ta kwami tana shan lita 5 zuwa 8 a rana. In kin shuka mita 10 kacal a cikin filin nan, kina bukatar jarka biyu zuwa uku masu lita 25 kullum, safe da yamma, babu fashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rijiya za ta iya ɗauka. Amma in Maris ya shigo, daidai lokacin da shuka ta fi jin ƙishi, a lokacin ne rijiyarki za ta fara ba ki laka. In kika koma sayen ruwa a wurin 'yan garuwa don ki shayar da alayyahu, to alayyahun kasuwa ya fi miki araha. Abin da ya cece ni shi ne tara ruwan alwala, da na wanke shinkafa da kayan miya, a bokiti ɗaya. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa kada ki kai shi gindin shuka, a hankali yake kashe ƙasar.

Katako ba ya shan ruwa, amma shi ma yana da tasa rigimar da yanayi. Shekarar da Malam ya fara, ya sayo falanki a watan Agusta wurin wani mai katako da ya rantse masa cewa busasshe ne. Ya yi mana teburin cin abinci, ya goge, ya shafa mai, kowa ya zo sai ya yaba. Da hunturu ya buso a Disamba, wata safiya na zo shimfiɗa leda sai na ga saman ya tsage tun daga wannan baki har wancan, ɗan yatsana yana shiga. Malam ya daɗe tsaye yana shafa wurin bai ce komai ba, na kuwa ji masa ciwo ƙwarai, don sati uku ya yi a kan teburin nan. Tun daga ranar, duk katakon da ya sayo sai ya jera shi a inuwa, ya sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki iska ta riƙa ratsawa, ya bar shi ya sha wata guda ko fiye. Ɗanyen katako yana da nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, in an ƙwanƙwasa kuma sautinsa a dushe yake. Da damina kuma akasin haka ake gani, ƙofa da aljihun tebur su kumbura su ƙi rufuwa.

Wannan jiran bushewar yana nufin rumfa ba bencin aiki kaɗai ba ce. Tubaitu da tubaifo (sandunan katako masu inci biyu da biyu, da inci biyu da huɗu) da falanki duk ƙafa 12 ake sayar da su, wato kusan mita huɗu, sai an samar musu inda za su kwanta a miƙe, a ɗage daga ƙasa saboda gara. Ki auna wannan da filinki. Farin katako yana da sauƙin yanka da arha, amma shi gara ta fi so. Maɗaci ja ne, mai nauyi da ƙarko, kuɗinsa ma da nauyi. Darbejiya gara ba ta cika kusantarta ba. Ƙirya kuwa a bar wa masassaƙa masu gizago su yi turmi da taɓarya, zarton gida ba zai ji daɗinta ba. In kuna kusa da Kano, maigidanki ya je kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa tare da kafintan da ya san itace, ko da sau biyun farko ne.

Batun jari ba ya bukatar dogon bayani. Lambu iri ne, da fartanya, da takin turke, da tsofaffin buhuna. Katako kuwa sai zarto, guduma, kurfi, tef, abin goge fuskar katako, gam da ƙusoshi, kafin a zo ga katakon kansa. In aka ce inji, an shiga maganar wuta da janareto. Sai dai kayan aikin hannu in an kula da su, jikoki ma za su gada.

Wajen abin da suke dawowa da shi ne mutane suka fi ruɗar kansu. Lambu yana biya da wuri, amma kaɗan-kaɗan. Alayyahu sati uku zuwa huɗu kin fara tsinka. Kuɓewa kusan wata biyu ta fara 'ya'ya, kuma in kina cira duk bayan kwana biyu sai ta ƙara himma. Zogale in kika sare kansa daidai ƙugu, zai yi rassa ya ba ki ganye shekara da shekaru, shi ne kuma mafi haƙurin ƙishi a cikinsu. Amma a fili kamar naku, wannan ragin kuɗin cefane ne da abin miƙa wa maƙwabta, ba sana'a ba ce. Kada kuma ki ɗora burinki a kan tumatir. Da sanyi yake yi, zafin bazara yana zubar masa da fure, ga tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina a 2016. Gindi biyar ko shida sun isa marmari.

Katako yana jinkiri, amma in ya biya a dunƙule yake biya. Kujerar tsugunno, kantar kwanuka, benci, akurkin kaji, teburin mai shayi, duk ana nema a kowace unguwa. Matsalarsa ɗaya: yawancin masu sayen farko dangi ne da abokai, kuma malamin makaranta da ya saba a girmama shi yana jin nauyin bin bashi. Malam bai samu sauƙi ba sai da ya fara karɓar kuɗin katako kafin ya ɗora zarto.

Akwai wani bambanci da ban taɓa jin an faɗa mini ba sai da na gani. Katako yana jiran mai shi, lambu ba ya jira. In rasuwa ko biki ya ɗauke ku kwana uku a watan Afrilu, maigidanki zai dawo ya tarar da aikinsa inda ya bar shi, ke kuwa ki tarar da kwaminki a kwance. Ga kaji masu tono, ga ƙadangaru da ke bin sabon tsiro suna datsewa, ga akuyar maƙwabta in ƙofa ta kwana a buɗe. Don haka ki tambayi kanki da gaske, wa zai riƙa ba da ruwa ranar da ba kya nan?

Sai maganar da ta fi damuna da tsarin maigidanki, wato wurin da yake so ya kafa rumfar. Bayan ɗaki cikin gida ne. Aikin katako yana jawo maza: mai kawo kaya a kura, mai zuwa duba aikinsa, yaron da zai kama masa falanki. Duk za su ratsa tsakar gidanki, ke kuma kullum kina neman mayafi. Ga ƙarar guduma lokacin da mutane suke ƙailula, ga ƙura. Ƙurar goge katako tana bin iska ta sauka a kan shanya, a kan tulu, ta maƙale a jiƙaƙƙiyar kabarki ta dusashe rinin faifan da kika ɓata kwanaki a kai. Shi ma kansa sai ya riƙa rufe hanci, musamman a shekarunsa. In kuna da jikoki masu yawo ba takalmi, ƙusa ɗaya da ta faɗi ta isa ta kai ku asibiti. Lambu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ni a gefen kwamina nake shimfiɗa tabarma bayan la'asar in yi saƙata, ƙasa tana ƙamshin ruwa.

Duk da haka ina roƙonki kada ki ce masa a'a kai tsaye. Mutumin da ya yi shekara talatin yana fita da safe, ranar da ya wayi gari ba inda za shi, abin yana taɓa shi fiye da yadda zai faɗa miki. Na ga yadda Malam ya canja da ya samu abin da hannunsa zai riƙe, har barcinsa ya gyaru. Wannan ya fi kuɗin benci daraja a wurina.

Shawarata ita ce bayan ɗaki ya zama na lambu, muddin yana samun rana ta awa shida. Bencin aikinsa kuma ya koma zaure, ko 'yar rumfa a jikin katanga ta waje inda baƙinsa za su same shi ba sai sun yi sallama a cikin gida ba. Ki fara da sanyin bana da alayyahu, latas, albasa da 'yan gindin tumatir, ki dasa zogale uku a kusurwa. In bazara ta zo ki rage zuwa abin da ruwan bokitinki zai iya ɗauka, ki jira damina ki zuba kuɓewa, rama da yakuwa.

Abu ɗaya zan gargaɗe ki a kai, don ni na yi wannan kuskuren. Kada ki kwashi ɗanyar dusar katako ki cakuɗa da ƙasar kwami da sunan taki. Na yi haka, cikin sati biyu alayyahuna ya koma rawaya ya tsaya cak, domin dusar tana janye abincin ƙasa yayin da take ruɓewa. A fara shimfiɗa ta a akurki ta sha kashin kaji, a tara ta a rami ana yayyafa ruwa har ta yi baƙi, sannan a kai ta lambu. Dusar katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara kuwa kada ta shiga ramin sam.

Aikin farko da za ki roƙi maigidanki ya yi miki, shinge ne mai 'yar ƙofa da zai tare kaji, da akwatin renon iri mai ƙafafu wanda ya kai gwiwa, a sa masa raga a sama saboda ƙadangaru. Ragowar tubaitu ma ya isa, kuma in ya soma a Oktoba zai gama kafin lokacin zuba irin latas.