Tubala, littafin giraf ko tef ɗin tela: wanne za a saya don koyar da rabawa da lamba mai ɗigo?

Kafin a je kasuwa, a duba inda yaron ya cije. Akwai wanda ya kasa raba 1.35 gida uku. Akwai kuma wanda ke mamakin yadda 1.2 ÷ 0.3 ya ba da 4, alhali ya saba rabawa rage abu take yi. Kayan da zai warware wa na farko ba lallai ya amfani na biyu ba.

Tubalan goma-goma, waɗanda ake jingina wa masanin lissafi Zoltan Dienes, su ne gwanayen matsala ta farko. Ƙwayoyi 10 ke yin sanda, sanduna 10 ke yin faifai. Faifai ɗaya ya zama 1, sanda 0.1, ƙwaya 0.01, wato 1.35 faifai ɗaya ne da sanduna uku da ƙwayoyi biyar. Faifai ba ya rabuwa uku, sai yaro ya yi canjinsa da sanduna 10, su zama 13. Kowa ya sami huɗu, saura ɗaya, a canja ta da ƙwayoyi 10, su zama 15, kowa biyar. Ga 0.45 a gabansa, ya kuma taɓa da hannunsa. Aibinsu tsada da ɓacewar ƙwayoyi, musamman a aji mai cunkoso. Sannan yaron da ya san ƙwaya a matsayin 1 tun ajin ƙasa yakan rikice idan aka ce yau ta koma 0.01. In za a saya, a ƙirga sandunan, don su ake canji da su, su ne kuma ke fara ƙarewa.

Littafin giraf yana yin kusan aikin tubala da kuɗi kaɗan. A zagaye gida 10 tsaye, 10 kwance, a ce wannan shi ne 1, yaro ya shafa launi ya yanka da almakashi. A zaɓi mai manyan gidaje, ƙananan suna gajiyar da ido.

Tef ɗin tela kuwa, ni shi nake sawa a gaba a matsala ta biyu. Mita 1.2 santimita 120 ce, mita 0.3 santimita 30. A auna zare mai santimita 120, a tambayi yaro guntu nawa masu santimita 30 za su fita. Zai yanka huɗu, mamakin ya wuce. Amma a kula, tef fuska biyu gare shi. A yi aiki da ta santimita kawai, domin inci ba gida goma aka raba shi ba.

Kuɗin wasa na naira da kwabo ba na ba da shawararsu, tunda yaran yanzu ba sa ganin kwabo a kasuwa. Manhajar lissafi ta GeoGebra kyauta ce, tana da amfani ga mai waya ko kwamfuta, bayan yaro ya saba da yanka da aunawa.

Uwa ko uba mai yaro ɗaya, littafin giraf da tef sun wadatar. Makaranta ce ya kamata ta sayi tubala, saiti ɗaya ga kowane rukunin yara, da akwati mai murfi na adana su.