Wane shaho za ka saya don farautar zomo a Ingila?

Duk wanda ya ce zai fara farautar zomo da tsuntsu a Ingila, sunaye uku zai yi ta ji: shahon Haris, shaho mai jan wutsiya, da wani nau'in shaho da ake kira goshok. Dokar ƙasar ba ta neman lasisi kafin ka mallaki wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, amma ta hana kamo na daji, don haka dole kasuwa za ka shiga. Ta fuskar addini kuwa aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren mafarauci ya kamo maka, muddin ka ambaci sunan Allah. In ka iske zomon da sauran rai, sai ka yanka.

Ni dai macen Haris nake ce wa kowa ya saya. Asalinta daga hamadar Arizona da Teksas ne har zuwa Ajantina, kuma a can a ƙungiya suke farauta: wani ya shiga sarƙaƙiya ya koro, sauran su tare. Wannan halin ne ya sa take ɗaukar mutum abokin aiki. Ka sake ta a gona da hantsi, ka bi gefen shinge kana dukan ƙaya da sanda, za ka ji ƙararrawarta tana biye da kai daga wannan bishiya zuwa waccan, ta karkato kai tana kallon bakin sandar, don ta gane nan abinci ke fitowa. Zomo na tsalle ta riga ta sauko. In kana aiki da feret, 'yar dabbar nan mai kama da tunku da ake zurawa a rami ta koro zomaye, Haris kan saba da ita da wuri.

Mace na ce, ba namiji ba. Zomon dajin nan kan kai kilo 1.5, yana kuma shuri da ƙafafun baya ba da wasa ba. Macen na farauta a nauyin kusan kilo 1, namijin kuwa giram 600 zuwa 700 ne, sau da yawa zomo kan ja shi har bakin rami. Rauninta ɗaya, sanyi. Kada ka ɗaure ta kusa da ƙasa da jiƙaƙƙen gashi a daren da raɓa ke daskarewa, bakin fikafikanta zai kumbura har ya lalace. Ka kuma sani tana haura shekara 20 a hannu.

Mai jan wutsiya ya fi ta ƙarfin kamu da jure hunturu. A Amurka da shi yawancin masu koyo ke farawa, bayan sun ci kashi 80 cikin 100 na jarrabawa, su yi shekara 2 ƙarƙashin ubangida, wato ƙwararre da ke koya musu. Sai dai nasu kamun daji ne da ya riga ya iya farauta, na keji da za ka samu a nan taurin kai gare shi. Goshok ya fi su gudu duka, amma ga firgita, ga ciwon huhu, ga takardar A10 (izinin hukuma na cinikinsa), ba na mai zuwa aiki kullum ba ne. Shahon da Larabawa ke kira shahin tsuntsu yake bugewa a sama, ba na zomo ba ne. Gaggafa kuma a bar wa Kazakawan Mongoliya.

Tambayar farko ga mai sayarwa: wa ya raine ta? Wani ya taɓa rantse mini cewa iyaye ne suka raini wadda ya sayar mini, ashe da hannu ya ciyar da ita tun tana tsako. Irin wannan kai take ɗauka uwarta. Tun asuba take kwarma ihu, ba ta fasawa sai duhu ya shiga, maƙwabta suna ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, kuma da ta girma ta fara kai wa hannuna cafka. Da na kira shi, wayar a kashe. Ka nemi wadda ta zauna da iyayenta mako 16 zuwa 20, a ɗakin da ba ta ganin mai jefa abinci. Ka je da ƙafarka ka leƙa. Ka tambayi ko iyayen 'yan'uwan juna ne, don auren zumunta ya yi wa Haris illa a wasu gidajen kiwo.

Kada ka yarda da cinikin biri a sama. Akwai masu kwasar hotunan tsuntsayen mutane a intanet, su ce ka tura kafin alƙalami, daga nan ka neme su ka rasa. Wanda ya ce ku haɗu a wurin ajiye motoci, ka bar masa kayansa. Duba zoben ƙafa: rufaffe ne da ake zurawa tun tana 'yar kwanaki, ba shi da mahaɗi. In ka ga alamar yanka ko walda, mai yiwuwa ta sata ce, ka buga wa Independent Bird Register, masu ajiye rajistar zoben tsuntsaye, ka karanta musu lambar. Wanda kuma ya yi alkawarin aiko maka tsuntsu Kano ko Yamai ba tare da takardun CITES (izinin fitar da namun daji daga ƙasa zuwa ƙasa) ba, ko dai babu tsuntsun, ko a ƙwace shi a filin jirgi.

A riƙe maka ita ka shafa ƙashin ƙirji, in ya fito da kaifi, yunwa aka ba ta don ta yi laƙwas a gabanka. Juya tafin ƙafa ka nemi kumburi ko baƙin ɓawo, buɗe baki ka tabbata babu rawayen ƙuraje, kashinta kuma ya zama fari da baƙi a tsakiya, ba kore ba.

Na fi tsoron tallan "horarriya, tana kamu". Mai tsuntsu mai kyau da wuya ya rabu da shi ana tsakiyar kakar farauta. Ka ce ya fita da kai gona ka ga ta kama zomo, kuma ya karɓe shi daga ƙafarta a gabanka. In ya fara kawo uzurin iska ko ruwa, kama hanyar gida. Kafin ma ka je ɗauko ta, ka tanadi sikelin awo na kullum, da na'urar bin sawu da ake maƙala mata a wutsiya, da rubutaccen izinin mai gonar da za ka yi farauta a ciki.