Sashen tuntuɓar likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin koyarwa a Najeriya: inda yake biyan buƙata da inda yake gazawa

Mutane da yawa ba su san da wannan hidima ba sai sun kwantar da ɗa. Yaro yana ɗakin kwanciya na yara saboda sikila, farfaɗiya, ciwon ƙoda ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, sai halinsa ya sauya: ya daina barci, ya ƙi magani, ya riƙa fizge ƙarin ruwa, ko ya yi shiru kamar ba shi ba. Likitan yara sai ya rubuta takardar tuntuɓa zuwa sashen ƙwaƙwalwa, su kuma su biyo yaron har gadonsa. Ba a ɗauke shi zuwa wani asibitin daban, kuma wannan kaɗai yana rage wa iyaye fargabar a ce ɗansu ya samu taɓin hankali.

Wanda ke fara zuwa yawanci likita ne mai neman ƙwarewa. Nagari a cikinsu ba ya dosar gado kai tsaye. Fayil yake fara karantawa, musamman takardar magunguna da sakamakon gwajin sukari da gishirin jini, sannan ya tambayi nas yadda dare ya kasance. Daga nan ya zauna da uwa ko kakar da ke jinya, ya ga yaron, idan matashi ne ya gan shi shi kaɗai na ɗan lokaci. Ganin farko yakan ci kusan awa ɗaya. Bayan haka ya kai wa babban likita bayani, a rubuta shawara cikin fayil. Shawara ce kawai: yaron yana nan a hannun likitan yara, shi ke zartarwa.

A nan hidimar ta fi cin yabo, wato wajen gano abin da ba ciwon ƙwaƙwalwa ba ne. Yaro yana amai, an yi masa allurar metoclopramide, bayan wasu awoyi wuya ya karkace, ido ya ƙafe sama, harshe ya fito. Dangi su ce iska ce, wani ya ce sanƙarau, alhali illar allurar ce. A dakatar da ita, a ba da maganin da ke sakin jijiya, cikin ɗan lokaci yaro ya dawo daidai. Haka phenobarbital da ake yawan bai wa masu farfaɗiya saboda arha: yana sa wasu yara rashin natsuwa da faɗa, sai a ɗauka lalacewar tarbiyya ce, maganinta kuwa a tattauna sauya magani a hankali, ba a yanke shi rana ɗaya ba, don farfaɗiyar kan dawo da ƙarfi. Mai kumburin ƙoda da ke shan prednisolone da yawa yakan kasa barci, ya riƙa fushi ko surutu. Sai kuma ruɗewa irin ta mai tsananin ciwo, wadda ke lafawa da rana ta tsananta da dare. Akwai ma'aunin Cornell na gano ruɗewa a yara, mai tambayoyi 8 da nas za ta iya cikewa, maki 9 zuwa sama alama ce. An fi kasa gano ruɗewar yaron da ya yi shiru, domin yaron da ba ya damun kowa ba a kiran likita a kansa. Gyaran ruɗewa shi ne a nemo tushenta, zazzaɓi ne, ƙarancin iskar numfashi ne ko sukari ya faɗi, a bar uwa kusa, a rage haske da hayaniya da dare. Diazepam don a samu barci sau da yawa ƙara dagula ta yake yi.

Wajen rubuta magani, sashen da ya san aikinsa hannunsa ba ya sauri. Matashi mai ciwon damuwa ana fara masa da zama da tattaunawa. In ta kama a ba da fluoxetine, daga miligiram 10 ake farawa, a kuma gaya wa iyaye su sa ido sosai a makonnin farko, don tunanin cutar da kai na iya ƙaruwa kafin sauƙi ya zo. Risperidone kuwa, maganin tsananin faɗa da rikicewar tunani, daga miligiram 0.25 zuwa 0.5 ake ɗaukowa, kuma dole a auna nauyin yaro kafin a fara, domin yana sa ci da ƙiba. Benzhexol, maganin sanƙarewar jijiya da wasu magunguna ke jawowa, ba a sallamar yaro da shi da yawa, kowa ya san yadda matasa ke shan sa a gari.

Yanzu ga inda ake samun tangarɗa. Ta farko takardar tuntuɓar ce kanta. Sau tari layi ɗaya ne, a zo a duba, yaro yana abin da ba a gane ba. Babu ranar da abin ya fara, babu jerin magunguna, kuma ba a gaya wa iyaye an kira kowa ba. Likita ya iso, ya faɗi sashensa, uba ya murtuke fuska ya ce ɗansa lafiyarsa ƙalau. Rabin zaman ya tafi a rarrashi. Ta biyu, kira a makare, ranar sallama, jaka a ɗaure. Ta uku wurin zama: ɗaki mai gadaje jere, labule ɗaya tsakani. Yarinyar da ta sha fiya-fiya ba za ta faɗi dalili ba alhali maƙwabciyar gado tana kasa kunne, balle ga Penal Code, dokar laifuka ta Arewacin Najeriya, da ta daɗe tana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, shi ya sa dangi kan ce kuskure ne. Likitan kirki yakan ari ofishin nas. Idan kuma ba ya jin Hausa, bai dace a mai da yaya ko kawu tafinta ba a irin wannan magana.

Batun ruƙiyya da rubutu, sassan da suka ƙware ba sa jayayya da shi. Suna tambaya ne me aka ba yaro ya sha, me aka turara, su roƙi kada a daina maganin asibiti.

Ta fuskar horo, masu neman ƙwarewa suna bin tsarin kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci ko ta Afirka ta Yamma, kuma ɓangaren yara zango ne a cikin shekarun horon. Jami'ar Ibadan na da cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa mai ba da digiri na biyu, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa. Amma ƙwararru a fannin yara zalla kaɗan ne, don haka ingancin abin da za ka samu ya danganta da ko babban likita yana zuwa bakin gado ko a waya yake jin bayani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta gyara matsayin majinyaci a takarda. Ba ta ƙara yawan ma'aikata a ɗakin yara ba.

Mafi rauni duka shi ne bayan sallama. Ranar ganin likitan yara daban, ta ƙwaƙwalwa daban, iyalin da suka taso daga ƙauye kuwa kuɗin mota ɗaya gare su, sai su zaɓi ta farko. Kafin ku bar asibiti, ku nemi a haɗa muku ranakun biyu wuri ɗaya, a rubuta sunan kowane magani da adadinsa a kati, a kuma faɗa muku alamar da in kun gani za ku dawo ba tare da jiran ranar ba.